Likkafanin Gwaggo

Gwaggo ce ta raine ni. Uwata ta rasu ina goye, ubana kuwa farke ne, yau yana Kano gobe yana Agadas, sai ya ɗauke ni ya kai wa yayarsa a cikin Birnin Damagaram, ya ce ga amana. A ɗakinta na yi wayo, a kan tabarmarta na kwana har na zama budurwa. 'Ya'yanta biyu ne suka rayu: mace da aka aurar can Dakusa, da namiji wanda shi ne ɗan fari. Saboda kunyar ɗan fari ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Yaron nan" take ce masa har ya yi gemu. Da aka tashi yi masa aure ba a je da nisa ba, aka yi tuwona maina, aka ba shi ni. Ba wanda ya tilasta mini. Ina sonsa tun ban san abin da ake kira so ba, Gwaggo kuma ta riga mu duka ganewa.

Gyaran mota ne aikinsa, a wani garaji da ke Zango inda ake gyara kamyo, manyan motocin nan masu kai gyaɗa Kano. A can ya haɗu da wani direba da ya koya masa boko, ya kuma ba shi Linjila da Hausa. Ya daɗe yana karantawa bai gaya wa kowa ba. Mutum ne mai nauyin baki, amma in ya tsai da magana, dutsen Damagaram ya fi shi sauƙin kawarwa. Ranar da ya faɗa wa dangi cewa ya bi Almasihu, Baffa, ƙanen mahaifinsa wanda gida ya koma hannunsa bayan rasuwar tsohon, ya tara malamai aka yi ta fama da shi har damina ta wuce. Da abin ya gagara aka ce ya bar gidan. Ni kuwa aka ce in zauna, aure ya mutu. Na ɗauki ƙullin kayana na bi shi.

Mutanen Birni sun ce miji na bi, ba addini ba. A lokacin gaskiyarsu ce. Sai daga baya, da jaririna na biyu ya koma kamar na farko, na zauna ina sauraron abin da yake karanta mini, zuciyata ta kama da kanta. Na ba da gaskiya, aka yi mini baftisma, kuma har yau da furfura ta gama cinye kaina ban saki ba. Na faɗi wannan tun da wuri don kada a zaci maganar mai nadama ce zan yi.

Muka kama ɗaki a bakin gari, kusa da majami'a. Mu masu bi ba mu da yawa a Damagaram ta wancan zamani. Akwai Baturen mishan da matarsa, akwai 'yan kudu masu aikin biro, wato ofis, sai mu 'yan ƙasa ƙalilan. Mai kula da mu yau da kullum shi ne mai bishara, wani Bahaushe daga hayin iyaka. Muna ce masa Malam. Shi ma danginsa korarsa suka yi, har da tabon sanda a goshinsa. Ya yi karatun allo mai zurfi kafin ya san Linjila, don haka ba a kayar da shi a gardama. In ya tsaya bakin kasuwa yana muhawara, mukan ji mu ma mutane ne. Mun yi alfahari da shi ƙwarai.

Gwaggo ba ta taɓa taka ƙofarmu ba. Amma duk ranar Alhamis wata mai tallan daddawa takan biyo ta gidanmu ta ajiye ƙulli: kuka, daddawa, wani lokaci ɗan man shanu a ƙoƙo. Ba saƙo, ba gaisuwa. Ni kuwa na san ɗaurin Gwaggo ko a cikin dubu.

A bazarar da ta biyo bayan ƙuri'ar i ko a'a, lokacin da gari ya cika da zancen Nasara sun kusa tafiya, wata kamyo ta zame daga abin da aka tokare ta da shi, ƙarfe ya faɗo wa maigidana a ƙafa. Aka kai shi likita, wato asibiti, lokotoro ya ɗinke ya ɗaure, aka sallamo shi. Ƙafar ta kumbura, ta yi baƙi, ta fara wari. Aka ce sai an yanke, kafin a gama shawara ciwon ya haye cinya ya shiga jiki. Sai suka ce in mai da shi gida.

Da rana tsaka ya cika, ana zafin nan da duwatsun garin ke huci kamar tanderu. Ni kaɗai ce a ɗakin. Matan majami'a da ke taya ni jinya sun tafi neman ruwa, don a shekarar ruwa ya yi wuya. Hankalinsa ya dawo sarai kafin ƙarshe. Ya ce in ɗaga masa kai, na ɗaga. Ya yi addu'a da sunan Yesu, a hankali, amma ina jin kowace kalma. Sannan ya ce, "Inna fa. Kada ki bar ta." Na ce to. Ya nemi ruwa, na ɗiga masa, bai haɗiye ba.

Labarin mutuwa ba ya jiran ɗan aike. Rana ba ta karkata ba sai ga Baffa da mazan gida, Gwaggo na biye da su, ta lulluɓe, da wani ƙulli a hammata. Baffa ya tsaya tsakar gida, aka shimfiɗa masa tabarma bai zauna ba.

"Ke kaɗai ce a kansa?"

"Ni kaɗai ce, Baffa."

"To, tambaya guda ta kawo mu. Ya yi kalmar shahada kafin ya cika? In ya yi, namu ne. Mu ɗauke shi yanzu, mu yi masa sutura, mu kwantar da shi kusa da ubansa. Ke ma ki koma ɗakinki na Birni. Abin da ya wuce ya wuce, ba mai sake tayar da shi."

Na buɗe baki ke nan sai Gwaggo ta kama hannuna. Ta ce, "Ku dakata, in yi magana da 'yata." Ta ja ni cikin ɗaki ta saki asabari.

Ta buɗe fuskarsa ta daɗe tana kallo. Shekaru ke nan rabonta da ganinsa kusa haka. Ba ta yi kuka ba. Ta mayar da zanen, ta juyo, sai kawai na ga ta durƙusa a gabana, gwiwa biyu, matar da ta goya ni.

"Gwaggo, don Allah ki tashi."

"Ba zan tashi ba. 'Yar nan, ban taɓa roƙonki komai ba. Ba kowa a ɗakin nan lokacin sai ke da Allah. Ki ce ya yi. Ko leɓensa kika ga ya motsa, ki ce. Mai mutuwa yakan faɗi abin da kunne bai kama ba."

"Na ji abin da ya faɗa, Gwaggo. Duka na ji."

"To ki manta da shi. Ba don Baffanku ba, ba don mutanen gari ba. Don ni. In samu in kwanta in san yaron nan ba ya cikin wuta. Me zai rage ki? Kalma ɗaya ce."

Gaskiyarta, kalma ɗaya ce, kuma tana nan a bakina. Da na faɗe ta da tsohuwar nan ta tashi da sauƙin zuciya. Amma na dubi wanda ke kwance. An kore shi daga gidan ubansa, an tofa masa yawu a kasuwa, abokan ƙuruciyarsa sun daina ba shi hannu, duk bai janye ba. Ga shi yanzu ba shi da bakin musu, ni da ya amince wa zan tsaya in ƙwace masa abin da ya riƙe har numfashinsa na ƙarshe? Kuma wanda na bi bai koya mini ƙarya ba, ko da mai daɗi ce.

Na durƙusa ni ma, na ce, "Gwaggo, da sunan Yesu ya yi addu'a. A kan abin da ya rayu ya mutu. Ba zan ɗora masa maganar da bai yi ba. Amma ke ce ƙarshen maganarsa. Ya ce kada in bar ki."

Ta dube ni kamar yau ta fara ganina. Ta ce, "Ashe haka zuciyarki take." Na miƙa hannu in tashe ta, ta ture, ta dafa bango ta tashi da kanta.

Na fita na gaya wa Baffa. Ya tofar da yawu gefe ya ce, "To ku riƙe mushenku." Ya juya ya ce wa Gwaggo ta wuce su tafi. Daga bakin ƙofar ɗaki ta ce, "Ku je, ina tafe." Ya maimaita, ta maimaita. Suka tafi suka bar ta.

Sai ta zauna ta kwance ƙullin da ta zo da shi. Ina gani na gane. Likkafaninta ne. Ina yarinya ta kaɗa audugarsa da hannunta, ta kai wa masaƙi, wani ɗan'uwa da ya dawo daga Makka ya yayyafa masa ruwan zamzam, ta naɗe ta ajiye a ƙasan adudu don ranar tata tafiyar. Ta ɗauko shi ne da zaton za a ba ta ɗanta ta tafi da shi gida.

Ba ta dube ni ba ta ce, "Tun da ba ki ba ni shi ba, a sa shi a wannan. Ba zai tafi cikin tsumman wasu ba ina da rai."

Na ce, "To, Gwaggo."

Ana haka Malam ya iso da dattawan ekklisiya biyu, kafinta na biye da akwatin katako. Bature ba ya gari, ya fita ƙauyukan wajen Tirmini. Malam ya riga ya ji amsar da na ba Baffa, har ma da roƙon da aka yi mini a ɗaki, don ashe matan da suka dawo daga ɗiban ruwa suna jikin taga. Ya shigo fuskarsa na haske kamar ba gidan mutuwa ba.

"'Yar'uwa, yau kin ɗaukaka sunan Ubangiji a garin nan." Sai idonsa ya faɗa kan farin ƙyallen da ke cinyar Gwaggo. "Wannan fa?"

"Likkafani ne, Malam. Mahaifiyarsa ta kawo."

"An wanke shi da rubutu?"

Gwaggo ta amsa da kanta: "Zamzam aka yayyafa masa."

Bai dube ta ba, ni ya ci gaba da yi wa magana. "Ba zai yiwu ba. Akwai farin yadi da matar Bature ta ajiye don irin wannan rana. In muka naɗe shi a wannan, gobe duk Birni za a ce ya tuba a ƙarshe, uwarsa ta yi masa sutura irin tasu. Abin da kika gina da bakinki ɗazu za ki rushe da hannunki."

"Malam, auduga ce. Ita ta kaɗa."

"Ba audugar ce damuwata ba, abin da aka dogara da shi ne. Tana zaton ruwan nan zai cece shi."

"In ba zai cece shi ba, ai ba zai cuce shi ba. Shi ya riga ya isa inda za shi. Mai rai ce zaune a gabanmu."

Ya sassauta murya, irin yadda ake wa yaro. "Kina cikin zafin rashi, ba za ki hango abin da muke hangowa ba. Da kaɗan-kaɗan ake farawa. Yau likkafani, gobe sadakar uku, jibi kin koma. Ni da mahaifiyata ta rasu, ko ƙofar gida ba a bar ni na tsaya ba. Ga ni, ban mutu ba."

Na ce, "Shi ya sa na zaci kai za ka fi kowa gane ta."

Fuskarsa ta ɗaure. Dattawan suka sunkuyar da kai. Ya ce, "In kin yi, ki sani ba da yawun ekklisiya ba."

Na ce, "Mijina ne." Na kama hannun Gwaggo, wannan karon ba ta ture ba, muka shiga.

Matan majami'a sun tsaya cirko-cirko da tulunansu, ba wadda ta matso. Sai matar kafinta, wata tsohuwa mai ciwon baya, ta jawo nata tulun har bakin ƙofa, ta tura mana shi ciki, ta koma. Da ruwan nan muka wanke shi, mu biyu. Gwaggo ce ta wanke ƙafar da ta ruɓe, ko hanci ba ta toshe ba. Leɓenta na motsi, nawa ma na motsi, ba wadda ta hana wata. Ban da "riƙe nan" da "juya shi" ba ta ce mini komai ba. Muka naɗe shi, ta ɗaure kai da ƙafa da irin ɗaurinta.

Da maza suka sa shi a akwati, kafinta ya ɗauko guduma, Gwaggo ta zabura. "Har da ƙusa? Kamar kayan kanti?" Ta toshe kunnuwanta ta fita ta zauna bayan zana.

A ƙofar gida mutane sun taru. Maƙwabta ne, da abokan aikinsa na garaji, Musulmi dukansu, har da mai garajin, wani dattijo Babarbare wanda ya turo yaransa suka haƙa kabarin, don ƙasar wurin da aka ba masu bi tsakanin duwatsu take, sai da diga. Sun zo ne don sun ci abinci kwano ɗaya da shi. Malam bai taɓa samun taro kamar wannan a ƙofar majami'a ba. Ya sa aka ajiye akwatin, ya hau dakali, ya ɗaga murya.

Ya fara da kyau. Ya faɗi halin mamacin, da bangaskiyarsa, da begen da muke da shi na tashin matattu. Da ya tsaya nan, da na gode masa har kabarina. Amma ya zarce. Ya ce a yau ɗin nan, a cikin ɗakin nan, uwar da ta haifi mutumin nan ta durƙusa ta roƙi matarsa ta yi ƙarya, matar ta ƙi. Ya ce Shaiɗan ba ya zuwa da ƙaho, yakan zo da hawayen uwa. Ya ce duk wanda ya ƙi wannan hanya ba zai sake ganin mamacin ba har abada, ko da ita ce ta shayar da shi.

Zana ce kawai tsakaninsa da Gwaggo. Ina ganin ƙafafunta ta ƙasan zanar, ba su motsa ba.

Mutanen garaji suka fara zamewa ɗaya-ɗaya. Mai garajin ya tsaya har aka gama, ya zo kusa da ni ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri, yarinya," ya dubi Malam, ya kaɗa kai ya tafi. Da muka dawo daga binnewa ban tarar da Gwaggo ba.

Bayan kwanakin makoki dattawa suka kira ni. Bature ya dawo, yana zaune a gefe. Ya saurara, sannan ya ce da Hausarsa ta littafi, wannan magana ce ta 'yan ƙasa, kuma tun da lokaci ya kusa da za su riƙe al'amuransu da kansu, ba zai sa baki ba. Aka yanke mini horo: in zauna a bencin baya, kada in ci Jibin Ubangiji, sai na tashi gaban jama'a na ce na yi kuskure.

Na ce, "Ku nuna mini inda na musanta Ubangijina, in tuba yanzu. Na ƙi yi wa tsohuwar nan ƙarya dominsa, ranar da ƙarya ce kaɗai za ta sanyaya mata rai. Abin da ya rage da zan iya ba ta na ba ta. Wanne ne laifin?"

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "Rashin biyayya."

Na koma bencin baya. Nan na zauna duk daminar, da kaka, da abin da ya biyo baya. Ana miƙa gurasa da ƙoƙo, in an zo kaina a tsallake. Ban daina zuwa ba, don ba saboda su nake zuwa ba.

Wata Lahadi wasu masu bi suka zo daga wajen Gafati. Bayan sujada wata mata ta zo ta kama hannuna tana murna. "Ke ce matar nan? Wadda surukarta ta durƙusa mata ta ƙi? Malam ya ba mu labarinki, har muka yi kuka." Ashe duk ƙauyen da ya je da labarina yake wa'azi. Na tare shi a ƙofar majami'a.

"Malam, in labarina ya isa a yi wa'azi da shi, me ya sa ni ban isa cin jibi ba?"

Ya ce, "Rabin labarin ne ya isa." Ya wuce.

Wannan duk mai sauƙi ne a kan abin da ya sami Gwaggo. Mai daddawa ta daina biyowa. Na je Birni, aka tsayar da ni a zaure, matar Baffa ta fito ta ce in koma inda na fito. A bakin mai daddawar na ji sauran, da na same ta a kasuwa. Wa'azin Malam ya riga Gwaggo isa gida. Abin da ta roƙe ni a ɓoye, tsakanin uwa da 'ya, ya zama zancen bakin rijiya: wai ta nemi a yaudari Musulmi su sallaci kafiri, ta taɓa mushe da hannunta, ta ba da likkafanin zamzam an kai shi ramin arna. Matan gidan suka ware mata kwano. In ta shiga gidan suna ko na biki sai hira ta mutu. Mace mai mutunci, wadda ake kira in haihuwa ta yi gardama, ta koma ba ta fita ko ƙofar ɗaki. Kafin sanyi ya shigo ta tattara ta koma Dakusa wurin 'yarta.

Ni kuma na sami aikin wanki a likita, ɓangaren masu haihuwa. Ranar da aka ce ƙasa ta sami 'yancin kai, ana ta kiɗa an ɗaga sabuwar tuta a biron kumandan mai mulkin gari, ni ina bayan gini ina shanya zannuwan gado. Ba da daɗewa ba Bature ya tashi tafiya gida hutu, ya ce yana so ya ga kowa a teburin Ubangiji kafin ya tafi. Ranar aka miƙo mini gurasa kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Ban tashi na ce na yi kuskure ba, su ma ba wanda ya ce ya yi. Na karɓa na ci, don ba tasu ba ce.

Da kaka ta yi na nemi hutu, na hau kamyon gyaɗa zuwa Dakusa. Yayata, 'yar Gwaggo, ta tarbe ni ba yabo ba fallasa. Aiki ya yi mata yawa, ga 'ya'ya ga sussuka, ga tsohuwa da yanar ido ta rufe wa gani, don haka ba ta kore ni ba. Na shiga na gaishe da Gwaggo. Ta gane muryata, ta ce, "Kin zo." Na ce na zo.

Na zauna da ita har hutuna ya ƙare. Ni ke dama mata kunu, ni ke wanke mata kai in yi mata kitso. In lokacin salla ya yi in zuba mata ruwa a buta, in shimfiɗa mata buzu, in juya kafaɗunta su fuskanci gabas, in koma gefe in jira. In na sunkuyar da kai kafin cin abinci takan dakata da nata hannun har in gama. Muka yi hirar mutanen Birni, waɗanda suka mutu da waɗanda suka yi aure. Shi kaɗai ne ba mu taɓa ambata ba.

Ana gobe zan koma, muna zaune a inuwar itacen bedi da hantsi muna ɓarar gyaɗa, sai ta ce, ba tare da hannunta ya tsaya ba:

"Kin san da kin faɗa mini ranar nan, da na san ƙarya ce."

Na ce, "Na sani, Gwaggo."

"Ni na haife shi, na san taurin kansa. Amma da na riƙe ta. Mutum in yana nitsewa ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa yake."

Na ce mata ni na tabbata yana cikin salama, ba ya shan wata wahala, kuma da ina da hanyar da zan ciro tabbacin nan daga ƙirjina in sa a nata da na yi.

Ta ce, "Wannan naki ne. Ni kin bar ni da nawa." Ta lalubo wata gyaɗar ta ɓare. Can kuma ta ce, "Amma kunun naki ya yi kyau. Ba ki manta ba."

Iyakar abin da na samu ke nan. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba, don neman gafara zai zama kamar na ce da na sani da na faɗi ƙaryar, alhali ko yau aka mai da ni ɗakin nan amsar ba za ta sake ba. Na dai san abin da amsar ta ci, kuma ba ni kaɗai na biya ba. Abin da ban taɓa iya haɗiyewa ba shi ne yadda aka ɗauki ciwon tsohuwar nan aka hau dakali da shi.

Na ce zan dawo da rani in ɗauke ta ta zauna wurina, ta ce a'a, a bar ta ta mutu cikin masu salla. Na sake zuwa sau da dama, duk lokacin da aka ba ni hutu. Da wata damina, hanya ta lalace motoci ba sa wucewa, ta kwanta ciwon ajali. Sai da aka yi sadakar bakwai wani direba ya biyo ta likita ya gaya mini, ina tsaye a kan bahon wanki.

Na yi zaman makokina ni kaɗai a ɗaki. Daga Birni ba wanda ya zo, daga majami'a kuwa matar kafinta ce ta zo ta yini da ni, sauran ba su san ko ya dace a yi ta'aziyyar wadda ba ta bi ba. Daga baya Malam ya zo. Ya tsaya bakin ƙofa ya yi sallama, na shimfiɗa masa tabarma, na kawo masa ruwa. Ya sha, ya yi mini gaisuwa yadda ta kamata. Sannan ya ce:

"Zuwan da kika riƙa yi can, kin samu kin yi mata bishara kafin ta rasu?"

Na ce, "Ta riga ta ji taka, Malam. Ni kunu na dama mata."

Ya zauna kaɗan yana juya ƙoƙon a hannunsa. Na zaci zai ce wani abu. Sai ya ce bari ya yi mana addu'a, ya yi, na ce amin, ya sa takalmansa ya tafi. Ya yi shekaru da yawa bayan haka yana riƙe da ekklisiyar, ta kuma ƙaru a hannunsa, ba zan hana shi wannan ba. Muna gaisawa duk Lahadi har ya rasu. Maganar Gwaggo ba ta sake haɗa mu ba.